Kifin da Hafizu Ya Raba

Sunana Marwanu, tela ne ni a unguwar Utaibiyya ta Makka, haifaffen unguwar Tandabawi, jikan Katsinawa. Da gangan na ambaci Katsinawa, domin mutumin da zan ba da labarinsa Bakabe ne, kuma kowa ya san in Bakatsine da Bakabe suka haɗu sai an yi tsiya. Shekara da shekaru in ya wuce ƙofar shagona sai na ce, "Ga bawana nan, zo ka share mini gaban shago." Shi kuma ya ce in bari ya gama da iyayen gidana tukuna. Sunansa Hafizu.

Ya zo aikin Hajji yana da ƙarfinsa, ya yi ɗawafin bankwana tare da ayarinsu, suka hau mota zuwa Jidda, shi ya sulale ya dawo. Tun daga nan ba shi da iƙama, ba shi da wata takardar zama. Ya tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa har aka hana irinsu. Ya ɗauki tulun gas a kafaɗa zuwa gidajen kan dutse inda mota ba ta hawa. Ya yi shara a masaukan alhazai na Aziziyya. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, sai ya dawo wani ɗan ɗaki a saman benenmu, kusa da tankin ruwa, ya zama ɗan gida. 'Yata Rumaisa a kafaɗarsa ta girma, Ammi Hafizu take kiransa, wato baffa da Larabci.

Wanda duk ya zauna a Makka ba takarda ya san karɓa. Da azumi a miƙo maka buɗa-baki, da Hajji a miƙo maka nama, da sanyi a miƙo maka bargo. Hafizu yana karɓa, yana kuma godiya mai kyau, irin wadda mai bayarwa zai tafi yana jin daɗi. Amma ni da nake ganinsa bayan mai bayarwar ya juya baya, na san abin yana cinsa. Wata rana matata Halida ta aika masa da tuwo, na hau na same shi ya tasa kwanon a gaba bai buɗe ba.

Na ce, "Kai Bakabe, tuwon Katsinawa ne ya fi ƙarfinka?"

Ya ce, "Marwanu, gidanmu ba a san haka ba. Babana in ya hito gulbi, ba shi shiga gida sai ya aje kihi ƙofar kowa. Gidan mai jego ake farawa, sannan tsohi, sannan liman. Abin da yar rage shi muka ci. Ni ko ga ni, hannuna bai san komi ba sai amsa."

Na yi masa dariya, na ce to ya je ya haƙa gulbi a Utaibiyya. Masunci ne ɗan masunta daga wani ƙauye a bakin gulbin Kabi, kuma tun da ya zo garin nan bai ga ruwa mai gudu ba sai in an yi ruwan sama ya kwaso shara ya bi kwalta. Teku tana nan Jidda, amma tsakaninsa da ita akwai shingen 'yan sanda.

A 'yan shekarun nan ya samu aiki wajen wani Basudane mai awaki, yana bin shi a akori-kura suna yanko ciyawa a bayan gari. Ba sa bin kwalta, saboda Hafizu ba shi da takarda. Hanyar ƙasa suke bi ta tsakanin duwatsu. Ran nan da la'asar sai ga shi a ƙofar shagona, wandonsa jiƙe har gwiwa, laka a ƙafa, idonsa yana ƙyalli kamar na ango.

Na ce, "Subhanallahi, a ina ka faɗa?"

Ya rufe ƙofar shagon da kansa, ya rage murya. "Na ga ruwa. Ruwa mai gudu, Marwanu, da kyauro da tsuntsaye. Akwai 'yar madatsa, ruwa na zubowa ta samanta, kihi na ta tsalle suna son hawa. Gargaza, wallahi, kowace girmanta awa tahin hannuna biyu."

Gargaza ita ce karfasa a bakinsu, Larabawan nan kuma bulɗi suke ce mata. Na tambaye shi ina ne wurin, ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce masunci ba ya faɗin ruwansa, ko ga ɗan'uwansa ciki ɗaya, balle ga Bakatsine.

Ya sa na samo masa zaren nailon. Ya bi shagunan masu facin taya yana tsintar gutsattsarin darma, yana narkawa a gwangwani don nauyin bakin raga. Ya zauna a saman bene yana saƙa birgi, wato ragar nan mai faɗi da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa. Yatsun da suka yi shekaru suna ɗaukar gas ba su manta komai ba. Yana saƙa yana 'yan waƙe-waƙensa, ni kuwa ban taɓa sanin yana da murya ba.

Ranar da ya fara kawo kifi, buhu guda ya sauke a ƙofar gida, kuma ko ɗaya bai sayar ba. Ya tambayi Halida wace ce ta haihu kwanan nan a unguwa, ya fara da can. Ya bi tsofaffi, ya kai wa liman, ya bi gida-gida da faranti a hannu yana sallama da ƙarfi. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta riƙe kifin tana kuka, wai rabonta da kifin ruwan daɗi tun tana budurwa. Kowa ya gaji da kifin teku na shago, ga wannan ɗanye shar, yana motsi. Daren nan duk benen ƙamshin suya yake.

Daga nan abin ya zama al'ada. In sun je ciyawa ya tafi da birginsa, in sun dawo ya raba. Aka sa masa Sarkin Ruwa, yara suna rige-rigen ɗaukar masa buhu. Mutanen da a da suke miƙo masa leda ba tare da sun dubi fuskarsa ba, yanzu su ke tare shi a ƙofar masallaci suna cewa kada a manta da su. Tafiyarsa ma ta sake. Ya zo ya ce in ɗinka masa sabuwar riga, ya tsaya in auna shi yana ɗaga kafaɗa. Na ce, "Bawana ya zama attajiri." Ya ce, "Auna dai, talaka." Wallahi na ji masa daɗi har cikin raina. Mu kuwa babu wanda ya matsa da tambaya. Mun ɗauka ɗaya daga cikin madatsun ruwan sama ne da ke can wajen kudu, kuma wa zai tsaya bincike bakinsa cike da kifi?

Ana nan Rumaisa ta haihu, haihuwar fari, ta dawo gida jego. Hafizu ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya zaɓo manya-manya ya kawo wa Halida, ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ta umarni, wai a sa citta da masoro da yawa, kada a cika ruwa. Rumaisa ta sha romon nan safe da yamma, tana cewa daga cikin ɗaki, "Allah ya bar mana Ammi Hafizu." Shi kuma ya ɗauki alkawari a gaban mutane cewa ranar suna, bayan naman rago, kowane baƙo sai ya ci kifinsa.

Sai aka yi rashin sa'a, Basudanen ya sayar da awakinsa ya koma Ta'if. Suna ya matso, babu motar zuwa. Mijin Rumaisa, Rakan, yana da 'yar akori-kura, ya ce zai kai shi. Rakan haifaffen nan ne, Hausarsa ta fi ƙarfi wajen ji, yaro mai ladabi. Aikinsa tuƙa tanka, irin wadda ke zuƙe ramukan masai na gidaje ta kai inda ake zubarwa. Hafizu ya yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe dai alkawari ya fi ƙarfin sirri. Ya sa mu duka biyu muka rantse ba za mu nuna wa kowa wurin ba.

Muka fita da sassafe. Ya bi da mu ta hanyar ƙasa, nan dutse can rami. Da muka zagayo wani tsauni sai ga shi. Ni da aka haifa a garin nan ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Kyauro ya fi tsayin mutum, balbelu fari fat a kan duwatsu, ruwa yana gangarowa ta kan wata 'yar madatsar siminti yana zuba cikin gurbi mai faɗi. A daidai inda yake zubowa kifi suke tsalle, su doki siminti su faɗo, su sake. Na ga kumfa tana taruwa a gefe, na kuma ji wani ɗan wari-wari, na faɗa masa.

Ya ce, "Mi kas sani ga ruwa? Warin laka ne. Ruwan da ka gudu ba shi riƙe ƙazanta."

Ya naɗe wando, ya yi bisimilla, ya shiga har cinya. Ya ɗora gefen birgi a kafaɗa, ya kama wani gefen da haƙori, ya juya jiki ya saki. Ragar ta buɗe zagaye guda ta sauka a kan ruwa ba ƙara. Mutumin da ke hawa benenmu yana nishi yana dafa bango, ga shi nan tsaye cikin ruwa kamar saurayi. Da ya jawo, ragar tana ta rawa. Na yi kabbara ban sani ba.

Rakan bai yi kabbara ba. Tun da muka sauka yake duban wani tsauni mai tsaga a kai, ya duba, ya sake dubawa. Can sai ya kama dutse ya hau gefen madatsar. Hafizu ya ɗaga murya ya ce ya sauko, can sama akwai shingen waya da ɗakin mai gadi, shi bai taɓa hawa ba, ba ya son abin da zai haɗa shi da mai kaki. Rakan ya daɗe a tsaye a sama. Sannan ya juyo ya yafito ni, ya ce, "Ya Ammi, zo."

Na hau da ƙyar. Daga sama ana hango komai. Ruwan ba daga wani kwari yake tahowa ba, daga bakin wani ƙaton bututu yake fitowa. Bayan bututun shinge ne, bayan shingen manyan tankuna zagayayyu, ga kwalta, ga jerin motocin tanka irin wadda Rakan yake tuƙawa suna jiran layi. A jikin shingen, ta ɓangaren kwalta, akwai allo da ba ma ganin fuskarsa. Rakan ya ce ba sai ya gani ba, kullum ta gabansa yake wucewa. An rubuta an hana sha, an hana wanka, an hana kamun kifi.

Ya ce da Larabci, "Nan nake juye motata. Bai taɓa zuwa raina ba, ban taɓa ganin wurin ta baya ba. Ana tacewa kafin a sako, amma ruwan masai ne, Ammi. Na garin nan duka."

Innalillahi. Na tuna farfesun da na sha jiya, na tuna Rumaisa. Na duba ƙasa, ga Hafizu yana zazzage kifi a buhu yana yi mana dariya, yana cewa Katsinawa sun ji tsoron ruwa sun hau dutse. Na so in ce wa Rakan mu yi shiru, amma fuskokinmu sun riga sun tona mu. Ya ajiye ragar, ya hawo da rarrafe, gwiwar nan tasa tana ƙara.

Da ya iso sama sai ya tsaya. Ya dubi bututun, ya dubi motocin, ya dubi Rakan. Ya san irin tankar, ya sha ganin ta Rakan a ƙofar gidanmu. Sai ya dubi hannayensa da ke ɗigar ruwa, ya ware su nesa da jikinsa, ya rasa inda zai goge.

Ya ce a hankali, "Na yi alwala da shi. Na yi salla nan bakinsa ba sau ɗaya ba."

Ya sauka, ya juye buhun cikin ruwa, masu rai suka tafi, matattu suka yi ta yawo a sama. Ragar ma can ya bar ta. Da za mu dawo ya ƙi shiga gaba, ya hau bayan motar ya zauna cikin rana, wai kada ya ɓata kujera.

Da muka iso na bi shi saman bene na rufe ƙofa. Na ce, "Saurara, Bakabe. Babu wanda ya yi ko ciwon ciki. Ruwan tatacce ne. Mu uku muka sani, kuma mun riga mun rantse ba za mu faɗi wurin ba. A ce madatsa ta ƙafe, shi ke nan. Ranar suna ni zan sayo kifi a kasuwa, a ce naka ne." Na yi masa faɗa, na lallashe shi, na ce masa ya san bakin mutanen unguwar nan, ba za su bar shi ya sha ruwa ba.

Ya ce, "Na sani. Amma akwai masu shi cikin firji yanzu haka. Akwai wadda ta shanya za ta aika wa ɗiyarta. In yi shiru su ci? Da hannuna na ba su, suna yi min addu'a."

Na ce to ni zan je in faɗa. Ya ce a'a, ƙafar da ta kai ita za ta koma.

Haka ya yi, da rana tsaka. Ya bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba bin su da faranti, sai dai yau sallamarsa da ƙyar ake ji. Na bi bayansa don ba zan iya zama ba. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi, kansa a ƙasa: kifin da na kawo muku daga ruwan masai yake, ban sani ba, ku zubar da abin da ya rage, ku yafe mini. Wani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai shi ya sa ya yi daɗi. Wata ta tofar da yawu a gabansa ta rufe ƙofa. Wani da ya fi kowa yawan roƙon a ƙara masa ya ce dama shi tun farko ya ji wani abu a ɗanɗanon, ƙaryar banza. Tsohuwar nan 'yar Damagaram ta shiga ta fito da tukunyar da take dafawa ta ajiye a waje. Liman ya ce babu zunubi a kan wanda bai sani ba, ya dafa kafaɗarsa. Hafizu ya ce ya gode, amma na ga maganar ba ta shige shi ba.

Gidanmu ya bari na ƙarshe. Ya tsaya a bakin labule ya faɗa wa Halida. Rumaisa tana ciki tana ji, sai muka ji ta tashi da gudu, muka ji kakarin amai, jaririn ya tsala kuka. Hafizu ya dafa bango. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba, ni kaina kunya ta rufe ni har na kasa dubansa.

Kafin magariba yaran unguwa sun sake masa suna da Larabci, ba zan maimaita shi a nan ba. Ranar suna bai sauko ba. Na hau da nama, ya ce in ajiye. Ya daina salla a masallacinmu, yana tafiya wani mai nisa da ciwon gwiwarsa. In ya haɗu da mutum a matakala sai ya manne da bango, ya ɓoye hannayensa a baya. Mutane kuwa, yadda suke, ba a daɗe ba suka sami wani abin magana. Wasu har suka ci gaba da aika masa abinci kamar da, kuma yana karɓa.

Rumaisa tana gab da gama wankan jego za ta koma ɗakin mijinta, sai ga shi a shagona da hantsi, da leda a hannu. Ya ajiye a kan teburin yanka. Kifin teku ne mai kyau, daga shagon da ke bakin titi, an gyara an naɗe, ledar ma da sunan shagon a jiki. Ya yi ɗaukar kaya a kasuwa kwana da kwanaki kafin ya iya sayensa, na gani a tafiyarsa.

Ya ce, "Mai jego ba ta fita ba a rufe mata da romo ba. Ka kai mata. Ka ce kai kas saye."

Na ce, "Haba Hafizu, kai mata da kanka mana. 'Yarka ce."

Ya ce, "Ina son ta ci."

Na ɗauka na hau. Halida ta karɓa ta shiga kicin, na ce a yi wa mai jego farfesu. Rumaisa ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa, ta bi ledar da kallo. Ƙofar gidan a buɗe na bar ta, saboda zafi.

Ta ce, "Baba, ba dai daga wajen Ammi Hafizu ba ko?"

Na ce, "A'a, ni na sayo."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. To a sa citta da yawa."

Da na fito sai na gan shi a matakala, hawa kaɗan ƙasa da ƙofarmu, yana riƙe da ƙarfen dafawa. Ashe ya biyo ni. Ya ji tambayar, ya ji amsar.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, za ta ci. Na gode, Marwanu." Ya manne da bango ya ba ni hanya in wuce.